Wa ke yanka kuloroplas, zoben ciki ko na waje?

Ɗalibar Botani:
Assalamu alaikum malamai. Akwai jimlar da kusan kowane littafin darasi ke maimaitawa, wai kuloroplas (koren ƙwayar da ke haɗa abinci da hasken rana a cikin sel ɗin tsiro) da mitokondiriya (mai samar wa sel ƙarfi) suna rabuwa da kansu kamar bakteriya. Can gaba kuma sai a ce nukiliyos ne ke riƙe da umarnin ƙera furotin ɗin da ke raba su. Ta yaya za a ce abu yana cin gashin kansa alhali wuƙar da za ta yanka shi tana hannun wani? Wanne za mu ɗauka?

Tsohon Lakcara:
Wa alaikumus salam 'yata. Rabin jimlar gaskiya ne. Sel ba ya ƙera kuloroplas daga babu, kowanne daga wani ya fito. Schimper ya ga suna rabuwa tun 1883, Mereschkowsky kuma a 1905 ya ce asalinsu bakteriya ne masu launin shuɗi-kore da wani sel ya haɗiye bai narkar ba. Inda jimlar ta karkace shi ne wajen "da kansu". A tsiron da ke kan tudu, duk furotin ɗin rabuwa da aka sani umarninsu yana cikin nukiliyos, a wajen kuloroplas ake ƙera su, sannan a shigar da waɗanda aikinsu na ciki ne ta ƙofofin tantaninsa. Wasu kayan aikin gadon bakteriya ne, amma maigida, wato sel ɗin da ya haɗiye ta, ya karɓe makullin.

Ki riƙe lissafin nan: sel ɗin da ke kan tsinin tsiro yana da ƙananan filastid marasa launi, waɗanda ke zama kuloroplas daga baya, kamar 10 zuwa 20. A Arabidopsis, ɗan tsiron da ake yawan gwaji da shi, sel ɗin cikin ganyen da ya gama girma yana da kuloroplas kusan 100. Wannan ƙarin duk ta rabuwa biyu-biyu ya samu yayin da ganye ke buɗewa.

Malamin Sakandare:
Ranka ya daɗe, a jero mana yadda abin ke tafiya daga farko. Mu iyakar abin da muke zanawa a allo ƙwai ne da ya tsuke a tsakiya ya zama biyu.

Tsohon Lakcara:
To Malam. Kuloroplas yana da tantani biyu, na ciki da na waje, don haka ana buƙatar zobe biyu da kuma abin da zai sa su daidaita a wuri guda.

Na ciki shi ke fara haɗuwa. Sunan furotin ɗin FtsZ, ɗan'uwan tubulin ne, furotin ɗin da ke yin zaruruwan cikin sel, kuma shi ne dai wanda Bi da Lutkenhaus suka nuna a 1991 yana yin zobe a tsakiyar bakteriyar E. coli. A 1995 Osteryoung da Vierling suka same shi a kuloroplas ɗin Arabidopsis. Tsiro yana da iri biyu, FtsZ1 da FtsZ2, suna haɗuwa su yi zare. FtsZ2 yana da ɗan wutsiya a ƙarshensa, da shi yake kama ARC6 da ke kafe a tantanin ciki. ARC6 ya ratsa tantanin, kansa ɗaya yana riƙe da zoben a ciki, ɗayan ya leƙa cikin ɗan sararin da ke tsakanin tantanin biyu ya kama PDV2 da ke kafe a tantanin waje. Akwai ɗan'uwansa PARC6 da ke kama PDV1 ta hanya irin wannan. PDV1 da PDV2 su ne ke kiran DRP5B daga ruwan sel, wanda ake kira ARC5 kuma, dangin dainamin ne, furotin mai matse tantani. Shi ne ke naɗe wuyan daga waje.

Ka ga kenan saƙon "nan ne tsakiya" daga ciki yake fita waje. FtsZ da ARC6 gadon bakteriya ne, ARC6 yana da takwara a cikinsu mai suna Ftn2. Dainamin da PDV kuwa na maigida ne.

Mai Madubi:
In ƙara a kan na Baba. Sunan ARC ya samo asali ne daga tsire-tsire masu naƙasa da Pyke da Leech suka tace a Jami'ar York ta Ingila a farkon shekarun 1990. Kowanne da kamanninsa a madubi, kuma kamannin ne ke faɗa maka inda aikin ya tsaya. A arc6, wato tsiron da ARC6 ɗinsa ya lalace, sel yana da kuloroplas kamar biyu kacal, manya-manya shimfiɗaɗɗu kamar tabarma, babu ko alamar tsukewa, saboda zoben FtsZ bai sami makama ba ya gutsuttsure. A arc5 kuwa za ka ga goma sha wani abu, kusan duk sun tsuke a tsakiya kamar kalangu sun tsaya nan. An fara, ba a gama ba.

Malama Mai Alga:
Wannan kalangun na arc5 shi ne hujjata a kan cewa littattafai suna ba FtsZ girman da ya fi ƙarfinsa. Shi mai nuna wuri ne da fara tsukewa. Yankan na waje ne.

A duba Cyanidioschyzon merolae, jan algar da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi mai tsami, wajen digiri 42 zuwa 45, pH kusan 2. Girmanta kamar maikuromita 2, kuloroplas ɗaya, mitokondiriya ɗaya, nukiliyos ɗaya. Idan aka ba ta awa 12 na haske da 12 na duhu sai dukan sel ɗin su riƙa rabuwa lokaci guda, shi ya sa rukunin Kuroiwa a Japan suka iya bin abin daki-daki. Zoben FtsZ ne ke fara bayyana. Bayansa wani zobe daban da ake kira PD, wato zoben raba filastid, na ciki tukuna, sai na waje. Dainamin yana zuwa a makare. Kafin wuyan ya tsinke zoben FtsZ ya riga ya watse, dainamin da zoben PD na waje su ne ke nan har ƙarshe.

Kuma zoben PD na wajen ba ma furotin ne zallarsa ba. A 2010 Yoshida da abokan aikinsa suka nuna damin zaruruwa ne na sukarin gulukos da aka sarƙa, kaurin kowane zare kamar nanomita 5, furotin mai suna PDR1 ke tare da su. Yayin da wuya ke tsukewa zoben yana ƙara kauri, alamar zaruruwan suna zamewa ne a kan juna kamar an ja zargen igiya.

Tsohon Lakcara:
Malama, ban ƙi ta taki ba, amma kada mu ɗauki jan alga mu yi wa duk tsirrai hukunci da ita. Kuma arc5 ɗin da kika kafa hujja da shi yana da kaifi biyu: babu dainamin, amma kuloroplas ya tsuke har ya yi ƙugu, kuma adadin ya wuce na arc6 nesa ba kusa ba. Wani abu ne ya yi wannan aikin. An kuma nuna FtsZ shi kaɗai, in aka manna shi a tantanin roba na gwaji aka ba shi GTP, sinadarin da ke ba shi ƙarfi, yana iya lanƙwasa tantanin.

Malama Mai Alga:
Lanƙwasa tantanin gwaji daban, Baba, matse kuloroplas mai cike da tailakoyid, tantanin da ke kama haske, da sitaci daban. A 2006 an ciro na'urar rabuwar gaba ɗayanta daga merolae, aka miƙe ta da hantsakin haske, da aka saki ta koma yadda take. Wadda aka cire wa dainamin ba ta koma ba. Na yarda FtsZ ne ke buɗe fage, in babu shi ba a ma farawa. Amma in ɗaliba ta tambayi wa ke yankewa, amsar tana waje.

Ɗalibar Botani:
Na gode. To me ke sa zoben ya zauna a tsakiya daidai, bai je gefe ba?

Mai Madubi:
Ƙanwata, ba a jan zoben zuwa tsakiya, hana shi zama ake yi a ko'ina sai tsakiya. Bakteriya tana da MinC, MinD da MinE. MinC ne mai wargaza zaren FtsZ. Tsirrai masu fure sun rasa MinC, ARC3 ya maye gurbinsa. MinD yana taimaka masa, MinE kuma yana taka masa birki. Akwai MCD1 a tantanin ciki da ke sa MinD ya zauna inda ya kamata.

In MinD ya lalace, wato arc11, ko ARC3, za ki ga zobba biyu, uku, huɗu a kan kuloroplas guda, yankan yana faɗawa gefe, sel ya cika da manya da ƙanana barkatai. In MinE ne ya lalace, wato arc12, mai wargazawa ya sami sake, babu zobe ko ɗaya, sai kamannin ya koma irin na arc6. Abin da ke rikita masu gwaji shi ne ƙara MinD da yawa yana ba da hoto iri ɗaya da rasa MinE. Haka FtsZ: ki rage shi rabuwa ta tsaya, ki cika shi fiye da ƙima ita ma ta tsaya, domin zaruruwan suna yin tsawo su cukuikuye. Don haka ganin ƙaton kuloroplas shi kaɗai ba ya gaya miki wane furotin ne ya samu matsala, sai kin duba siffar FtsZ ɗin a ciki.

Malama Mai Alga:
Ga wani abin lura da ya shafi tambayarki ta farko. A koren alga Chlorella vulgaris, minD da minE suna nan a cikin DNA ɗin kuloroplas ɗin kansa, ba su ƙaura zuwa nukiliyos ba. Karɓe makullin da Baba ya faɗa a hankali aka yi shi, kowane reshe da inda ya tsaya.

Kuma a algar da ke da kuloroplas ɗaya tilo babu wasa, in sel ya rabu kafin kuloroplas, ɗa ɗaya zai tashi hannu rabbana ya mutu. A merolae jerin shi ne kuloroplas, mitokondiriya, sannan nukiliyos da sel ɗin. A 2016 Sumiya da abokan aiki suka tare rabuwar kuloroplas tun kafin zoben ya fara tsukewa, sai shi ma sel ɗin ya tsaya bai shiga rabon kuromosom ba. Kowa yana jiran kowa. Sel ɗin ganye mai kuloroplas 100 ba ya buƙatar wannan tsantseni.

Malamin Sakandare:
Mitokondiriya fa? Haka nan take da FtsZ?

Tsohon Lakcara:
A masara, wake, yis da mutum, babu. Ta yar da shi tuntuni. Ya saura a mitokondiriyar wasu kaɗan: an same shi a algar Mallomonas splendens a 2000, yana nan a merolae da kuma Dictyostelium. A merolae tsarin tamkar madubin na kuloroplas ne, FtsZ a ciki, zoben MD, takwaran PD, da dainamin a waje.

A Arabidopsis masu yankan su ne DRP3A da DRP3B. ELM1, wanda Arimura ya bayyana a 2008, yana taimakawa wajen kawo DRP3A wurin yanka, akwai kuma FIS1A da FIS1B a tantanin waje. Ka lalata DRP3 ko ELM1, maimakon ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi masu faɗin rabin maikuromita zuwa ɗaya, sai ka ga dogayen zaruruwa masu rassa. Irin maikon da ke tantanin ma yana da tasiri: tsiron da ba ya iya ƙera kadiyolipin mitokondiriyarsa tana yin manya. Kuma DRP3 da FIS1 ba nata ba ne ita kaɗai, su ne ke raba feroksisom, wata ƙaramar ƙwaya ta cikin sel, don haka duk wanda ya ga tsiron drp3 ya tsumbure kada ya yi saurin ɗora wa mitokondiriya laifin duka.

Babban bambancin kuwa shi ne mitokondiriya tana haɗewa, ba rabuwa kawai ba. A 2004 aka sa furotin Kaede a mitokondiriyar fatar albasa. Kore ne, in aka haska masa haske mai launin shuni sai ya koma ja. Aka mayar da wasu ja aka bar wasu kore, cikin kamar awa 2 duk suka gauraye suka zama rawaya. Akwai dalili: a ganyen da ya girma yawan mitokondiriya ya fi yawan kwafin DNA ɗinsu, wasu ba su da ko kaɗan, sai sun haɗu su yi musaya. Siffar da ka gani a madubi sakamakon ja-in-ja ne tsakanin yanka da haɗewa.

Ɗalibar Botani:
Yaya Mai Madubi, in ina so in ƙirga kuloroplas a kowane sel da madubin haske na ɗakin gwajin makaranta, ya zan yi? A yankan ganye duk a cunkushe suke.

Mai Madubi:
Ba a ƙirgawa a yanka, domin reza ta raba sel ɗin kin rasa rabi. Sel ɗin ake warewa ɗai-ɗai. Hanyar Pyke da Leech ita ce mafi sauƙi.

Ki yanka ganye siri-siri, faɗin milimita 1 zuwa 2. Ki jiƙa a gulutaraldehaid mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari na awa 1 a cikin duhu. In na kwalba kashi 25 ne, mililita 1.4 a cikin ruwa 8.6 ya ba ki mililita 10. Da safar hannu, a inda iska ke fita, domin yana cin ido da huhu. Ki tsiyaye, ki zuba EDTA mai sodiyam biyu, mola 0.1, wato giram 3.72 a mililita 100, a kai pH ɗinsa 9 da sodiyam haidiroksaid. Ki sa a ruwan zafi digiri 60 na awa 2 zuwa 2 da rabi. EDTA yana zare kalsiyam ɗin da ke riƙe da fektin, ƙaron da ke tsakanin sel da sel, sai su saki juna. Ki ɗora ɗan guntu a gilashi da ɗigon ruwa, ki rufe, ki ɗan bubbuga da gindin fensir. Da lens mai 40 kina juya fokas daga saman sel zuwa ƙasansa kina ƙirgawa.

Inda ake samun matsala: in pH bai kai 9 ba ganyen ba ya sakewa, ki yi ta bugu har sel ya fashe. In an wuce lokaci a zafi sai ya zama kunu. In ba a bari gulutaraldehaid ya shiga ba, kuloroplas ɗin suna kumbura su manne da juna. Ganye mai gashi ko kakin zuma yana yawo a saman ruwa, sai an zuƙe iskar da sirinji. Ki tsinki ganye da sassafe, domin da yamma sitaci ya cika su, ƙwayar sitaci biyu a kuloroplas ɗaya tana iya yi miki kama da kuloroplas biyu.

Abu mafi muhimmanci, kada ki ba da adadi shi kaɗai. Babban sel ya fi ƙarami yawan kuloroplas, don haka ki auna faɗin kowane sel ki zana adadi a kan faɗi. Sel 30 zuwa 50 daga ganyayen da suke sa'annin juna, matsayi ɗaya a jikin tsiro.

Mai Kiwon Iri:
Ta kula da ganyen da za ta zaɓa. Wake, gyaɗa da tumatir sun fi sauƙi. Masara, dawa, gero, har da alayyafo, suna da sel iri biyu masu kuloroplas, na kewayen jijiya da na tsakanin jijiyoyi, in ta gauraya su lissafin ya ɓaci. In kuma kalangun take son gani da idonta, ta nemi ganye ƙarami da bai gama buɗewa ba. A alkama, gindin ganyen shi ne yaro, tsinin shi ne tsoho, don haka santimita na farko-farko daga gindi nan ne ake rabuwa.

Mu a wajen kiwon iri muna amfani da wannan ƙirga a sel biyun da ke gadin ƙofar numfashin ganye. Tsiron da aka ninka wa kuromosom da sinadarin kolcisin sel ɗinsa ya fi girma, kuloroplas ɗin masu gadin sun fi yawa. Ana ɓare fatar bayan ganye, a ɗiga ruwan aidin, a ƙirga a ƙofa 10 zuwa 20, a gwada da iyayen da ba a taɓa ba. Ana yi a dankalin turawa da kankana. Tacewar farko ce kawai, tsiron da ninkin ya kama wani sashe ya bar wani zai yaudare ka.

Malamin Sakandare:
Abin da ya ɗaure mini kai, tsiron arc6 mai kuloroplas biyu yana rayuwa?

Tsohon Lakcara:
Yana rayuwa, yana fure, yana ba da iri. Sel yana kiyaye jimillar filin da kuloroplas ya rufe ne, in adadi ya ragu sai girma ya ƙaru ya cike gurbin. Asarar tana fitowa a wurare biyu. In rana ta yi zafi ƙananan kuloroplas suna gudu su laɓe a bangon gefe, ƙaton ba ya iya wannan da kyau. Sannan wajen rabon gado: sel mai filastid biyu yana iya rabuwa ɗa ɗaya ya tashi babu, shi ya sa a arc6 ake samun masu gadin ƙofa marasa kuloroplas. Homon ɗin tsiro mai suna saitokainin kuma yana ƙara PDV2, rabuwa ta yi sauri, a sami ƙanana masu yawa.

Mai Kiwon Iri:
Kuma na'urar nan ce ke raba filastid ɗin da ke ajiye sitaci. An ƙara FtsZ a dankalin turawa aka sami ƙwayar sitaci manya, a shinkafa mai naƙasar arc5 siffar ƙwayoyin ta canza. Masu masana'antar sitaci girman ƙwaya suke saye.

Malama Mai Alga:
Ga gwajin da nake ganin ya fi kowanne nuna asalin bakteriya. A zuba amfisilin, maganin kashe bakteriya, a abincin da ake renon mos, wato gansakukar nan Physcomitrium patens. Sel ɗin zarensa da ke da kuloroplas kusan 50, sababbin da suka fito sai su zo da 'yan kaɗan manya. Amfisilin bangon bakteriya yake hana ginawa, kuma kuloroplas ɗin mos har yau yana da siririn bangon nan tsakanin tantaninsa biyu, an nuna shi a hoto a 2016. Kuloroplas ɗin tumatir bai damu da maganin ba.

Har ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana ɗauke da ragowar filastid mara launi da ta gada daga jan alga. Ba ta da FtsZ ko kaɗan, sai ta miƙe ta yi rassa a raba wa 'ya'ya. Wannan filastid ɗin maganin doksisaikilin ke bugu, shi ya sa ƙwayar ba ta mutuwa sai a zagaye na biyu.

Ɗalibar Botani:
Mitokondiriya fa, zan iya ganin tana rabuwa da madubinmu?

Mai Madubi:
Ganinta za ki iya, rabuwar ce da wuya. Fatar cikin albasa, ɗigon Janus Green B mai ƙarfin kashi 0.01 cikin ɗari, minti 5 zuwa 10, lens mai 100 da mai. Za su fito ɗige-ɗige shuɗi-kore suna tafiya. Rinin yana buƙatar iskar oksijin, in ta ƙare a ƙarƙashin murfin gilashi launin ya dushe. Rashin iskar kuma shi kansa yana sa mitokondiriya ta yi tsawo ta kumbura, haka duhu da ƙarancin sukari, don haka abin da kika gani bayan rabin awa ba siffarta ta gaskiya ba ce. Ki duba cikin minti goma na farko, kada ki like gefen murfin.

Madubin haske ba ya raba abu biyu da ke kusa da juna ƙasa da maikuromita 0.2. Biyu da suka gifta juna suka rabu za su yi miki kama da ɗaya da ta tsinke. Ba a cewa an ga rabuwa sai an bi ƙwaya guda a hotuna jere, daƙiƙa biyu-biyu ko uku-uku, an ga ta tsaya, ta yi wuya, ta tsinke. Wannan yana son madubi mai kyalli da rini irin MitoTracker. Don aikin aji ki fara da ganyen wake ƙarami, kalangun kuloroplas ya ninka mitokondiriya girma sau biyar ko fiye, lens mai 40 ya ishe ki.